Marsandin Mama Helen

Alhaji Uthman bai taɓa mallakar motar da ta wuce Korola ba, amma da wuya ka ambaci wata motar alfarma bai ba ka tarihinta ba. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja, mutumin Zariya, ya ba hamsin baya. In ana hirar siyasa ko tsadar shinkafa a ofis, shiru yake yi kamar ba ya wurin. Amma wani ya yi kuskuren cewa ya ga Rolls-Royce a Maitama, sai ka ga ya gyara zama ya cire tabarau, ya fara tambayar launinta da yadda fitilunta suke.

Son ya samo asali tun yana ɗan firamare. Akwai wani likita a unguwarsu mai Marsandi baƙa, shi kuwa kullum sai ya zagaya ta doguwar hanya don kawai ya wuce ta ƙofar gidan. Ya girma, ya yi aure, ya aurar da 'yarsa Zuhra, son bai ragu ba. Ranar Lahadi da yamma yakan je wani fili a Wuse inda 'ya'yan masu kuɗi ke taruwa da Ferrari da Lamborghini, ya tsaya daga gefe cikin kaftaninsa yana saurare. Tun kafin mota ta shawo kwana yake gane ta da kukanta.

"Baban Zuhra, da furfurarka kake zuwa kallon wasan yara?" in ji matarsa Hajiya Sumayyah.

"Kallo ai ba a biya, Hajiya."

Wata Asabar a farkon damina ta ce ya kai ta Ushafa ta sayo manyan tukwanen shuka fulawa. Suka tsaya a gidan wata tsohuwa mai ginin tukwane da ake kira Mama Helen. Ciniki ya yi tsawo, shi kuwa ya gaji da tsayuwa, sai ya zagaya bayan gidan yana miƙe ƙafa. A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro ya ga wani abu an lulluɓe shi da tsofaffin buhuna da kwanon rufi. Ba zai kula ba, sai dai gefe guda buhun ya zame, fitila ta leƙo, doguwa a tsaye maimakon a kwance. Ya matsa ya ɗaga buhun da hannu biyu.

Marsandi ce mai ƙofa biyu, ƙirar ƙarshen shekarun sittin. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, tsatsa ta ci gefenta, wata kaza tana kwance a kujerar direba tana hararsa. Amma layin jikinta yana nan yadda aka zana shi, kuma katakon gaban sitiyari bai tsage ba.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali.

"Alhaji, ka bar kaza na ya yi kwanci."

Ya juya. Mama Helen ce, hannuwanta duk yumɓu. Hausarta irin ta mutanen ƙauyukan nan ce, ba ruwanta da bambanta namiji da mace.

"Mama, wannan ta wane ne?"

"Na maigida na ne, James. Direba ne na wani Bature lokacin da ana gina dam. Da Bature zai koma ƙasansu ya ba shi. James ya mutu, mota ma ya mutu."

"Za ki sayar?"

Fuskarta ta sauya. "Masu bola sun zo, wai za su auna shi a sikeli kamar doya. Na kore su. Kai ma in saye ne ya kawo ka, ɗauki tukunyanka ka tafi."

Makon nan gaba ɗaya jikinsa ne kawai a ofis. Asabar na zagayowa ya koma shi kaɗai, ya kai mata sukari da sabulu, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba saye yake so ba. Ta bar shi ya gyara motar a nan inda take, da aljihunsa, mota kuma tata ce har abada.

"To kai me za ka samu?"

"In ji kukan injinta, Mama. Shi ke nan."

Ɗanta Godfrey, malamin firamare ne a Bwari, yana zaune kan benci yana jin su. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Oga, mutanen Abuja ba sa yin abu a banza. Haka aka yi mana da gonaki. Yau a zo da murmushi, gobe a zo da masu awo."

Alhaji Uthman bai ji haushi ba, don ya san maganar tana da tushe. Ya ce makulli da takardu su zauna a hannun Mama, shi ko taɓa su ba zai yi ba, kuma duk ƙarfen da zai cire ya tafi da shi gyara sai Godfrey ya gani. Daga bisani tsohuwar ta ce sai kazar ta ƙyanƙyashe tukuna.

Haka aikin ya fara, kuma ya fi yadda ya zata wuya. Ɓeraye sun cinye wayoyi, ƙasan motar ya ruɓe ta yadda kana iya hango ciyawa daga ciki, injin kuwa ya kafe kamar dutse. Ya samo wani tsohon bakanike a Apo yana ɗauko shi wasu Asabar ɗin, sauran kuma shi kaɗai yake fama, ga waya a jingine a jikin bishiya yana kallon yadda ake kwance kafireto. Wani ƙarfen a Fanteka ta Kaduna ya same shi, wani sai Legas, wani kuma sai da wani abokin karatunsa ya aiko daga Jamus. Hannun da bai saba da komai ba sai biro ya yi kanta, baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin farce. A ofis aka laƙaba masa Injiniya, ana yi ana ƙyafta ido.

A gida ma bai tsira ba. Hajiya Sumayyah ta gaji da zuwa ɗaurin aure da suna ita kaɗai tana ba da uzuri. Korolarsu ta fara ciwo, ta ce a canja, ya ce a ƙara haƙuri.

"Taka mai rai kana barin ta tana mutuwa, kana can kana tada gawar wasu," ta ce.

A Ushafa kuwa ya zama ɗan gida. In azahar ta yi Mama Helen da kanta take shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta ajiye ruwa a wata buta ta yumɓu da ta gina musamman dominsa. Tana kawo dafaffiyar gyaɗa ta zauna kan kututture tana ba shi labarin James: yadda yake goge motar da tsohuwar rigarsa kowace safiya, yadda duk amaryar da aka yi a ƙauyen a cikinta aka kai ta, yadda ya figi motar zuwa asibiti ranar da naƙudar Godfrey ta zo da gardama, yana tuƙi yana kuka. Godfrey da farko daga nesa yake tsayawa yana sa ido. Sannu a hankali ya fara miƙo sifana. Wata rana ba wanda ya ce masa komai ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashin motar.

Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta kankama kafin ranar tada injin ta zo. Alhaji Uthman ya ɗaura sabon batir, ya zuba mai, ya goge hannunsa, sannan ya ce Mama ta kawo makulli. Ta miƙo masa, ya girgiza kai.

"Ke za ki murɗa."

Godfrey ya taimaka mata ta zauna, gwiwoyinta suna ba ta wahala. Ta murɗa, injin ya yi tari ya mutu. Ta sake, ya sake mutuwa. Alhaji Uthman ya sunkuya ya taɓa wani abu, ya ce ta ƙara. Sai motar ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe bayan gidan, kaji suka watse, kukan ya yi ta rawa har ya daidaita ya zama wani gurnani mai taushi. Mama Helen ta ɗora tafin hannunta kan katakon gabanta tana magana ƙasa-ƙasa da yarensu na Gbagyi. Ba da su take ba, kuma ba wanda ya tambaye ta. Alhaji Uthman ya zauna a ƙasa cikin laka, ya rufe ido yana saurare. Godfrey yana ɗauka da waya.

Bayan nan aka yi wa motar fenti ruwan madara irin nata na asali, aka ɗinke kujerun da jar fata. Godfrey ya haɗa hotunan ya sa a intanet don alfahari kawai, bai san abin da zai jawo ba.

Wata Asabar suna ɗaura madubi sai ga ɗan acaɓa ya sauke wani saurayi mai fararen kaya. Alhaji Uthman ya gane shi nan take. Tawfiq ne, mai jar Ferrari ɗin da yake zuwa kallo a Wuse. Motar tasa ta kasa hawa tudun hanyar ƙauyen, cikinta yana gogar ƙasa, dole ya bar ta a bakin titi. Shi bai gane Alhaji ba, bai taɓa lura da dattijon da ke tsayawa a gefe ba.

Alhaji Uthman ya so ya tsane shi, amma abin ya gagara. Yaron ya gaida Mama da ladabi, sannan ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya buɗe gaba ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ga shi nan," in ji Godfrey.

"Baba, Allah ya yi wa hannunka albarka. Na yi shekaru ina neman irinta. Wadda na gani a Legas an sa mata injin wata mota, an ɓata ta."

Kafin ya tafi ya taya. Godfrey ya ji kuɗin ya dubi mahaifiyarsa. Mama ta ce za ta yi tunani.

A tsakiyar mako ta sa aka kira Alhaji Uthman. Ya tashi daga ofis da wuri ya iske su zaune jugum. Godfrey ne ya yi bayani, idonsa a ƙasa. 'Yarsa Gift ta samu gurbin karatun likita, ba su san ta inda za su fara ba. Likitoci sun daɗe suna cewa gwiwar Mama sai an yi aiki. Rufin ɗaki yana yoyo.

"Ban ce a sayar ba, Alhaji. Na dai faɗi yadda muke."

Mama Helen ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, sannan ta juya ga Alhaji Uthman. "Ɗana, kai ka tashe shi. Guminka yana ciki. In ka ce a bari, an bari. In kana so ka kai shi gidanka, ga makulli, na ba ka. Ni na riga na ji muryan James, ya ishe ni."

Ya ce ta ba shi kwana biyu. A hanyar komawa sau biyu yana wuce kwanar da zai bi. Tun yana yaro yake mafarkin wannan, ga shi an miƙo masa a tafin hannu, halal, ba roƙo ba zamba. Ya ga kansa ranar Lahadi yana shiga filin nan na Wuse a cikinta, yaran suna buɗe masa hanya.

Ya faɗa wa Hajiya Sumayyah yana jiran ta ce ya rabu da wahala. Sai ta ba shi mamaki.

"Karɓi abinka, Baban Zuhra. Wa ya sha rana in ba kai ba? Kyauta aka yi maka, ba ƙwace ka yi ba."

"Haka ne."

"To me ya sa ka ɓata rai?"

"Don ina so ne, Hajiya. Ina so ƙwarai." Ya ƙara da cewa, "Ranar da na je neman ta bar ni in gyara, ɗanta Godfrey ya ce mutanen Abuja ba sa yin abu a banza. In na ɗauke ta, ya yi gaskiya ke nan. Kuma a ina zan ajiye ta? Gidan haya, Korola ma a titi take kwana."

"Wannan na biyun dai neman hujja kake yi."

Ya yi dariya duk da kansa. "Neman hujja nake yi."

Ya koma Ushafa ya ce wa Mama ta sayar, amma ba a yadda aka taya ba, don motar ta fi haka nesa. Ya ce a bar masa cinikin. Da suka zauna da Tawfiq a ƙarƙashin mangwaron, ya nuna masa yadda ake sayar da irinta a ƙasashen waje, ya bi motar gaɓa-gaɓa yana nuna abin da yake na asali. Duk kalmar yabon da ya faɗa yana ji kamar yana tura ta ne da hannunsa zuwa gidan wani, amma bai sassauta ba.

"Baba, ashe kai ne dillalin? Nawa ne la'adarka?"

"Ba ni da ko sisi a ciki. Sharaɗi dai nake da shi. Kada ka canja mata launi, kada kuma ka fitar da ita ƙasar nan."

Tawfiq ya yi tunani. "Launi na yi alkawari. Na biyun ba zan ɗauki abin da ban san gobe ba. Amma in har zan rabu da ita, kai za ka fara ji."

Alhaji Uthman bai so haka ba, sai dai ya ga gara wannan da alkawarin ƙarya. Aka shirya a kan kuɗin da ya sa Godfrey ya tashi yana share ido ya bar wurin, ya daɗe bai dawo ba. Mama ta ce a cire abin da Alhaji ya kashe a mayar masa. Ya ƙi, ta rantse ba za ta sa hannu ba sai ya karɓa. Suka yi ta ja har ya yarda da kuɗin kayan gyara kawai.

Ranar Lahadin da za a miƙa mota, Mama Helen ta ci ado da zane da ɗankwali sababbi, ta ce a kai ta coci a Bwari kamar yadda James yake kai ta. Alhaji Uthman ne ya tuƙa. Wannan ne karo na farko da ya hau da ita kwalta. Sitiyarin fari, siriri, motar tana tafiya kamar kwale-kwale a ruwa mai sanyi. Mata suna guɗa a bakin hanya, tsofaffi suna ɗaga hannu suna kiran sunan James. Ya jira a waje a cikin motar har aka tashi, mutane suna zuwa suna shafa ta, wasu suna nuna inda suka zauna ranar aurensu.

Da la'asar ya kai ta gidan Tawfiq a Asokoro. Garejin ya fi falonsa girma, ga sanyin na'ura, ƙasa tana sheƙi. Ya ajiye ta tsakanin wata tsohuwar Jaguar da jar Ferrari ɗin, ya kashe injin, ya zauna bai fito ba. Tawfiq bai hanzarta shi ba. Da ya fito sai yaron ya miƙo masa wani makulli.

"Baba, zo mu zaga."

Shiga Ferrari ɗin ma sai da dabara, kamar mai shiga rami. Suka hau babban titi, ba cunkoso. Tawfiq ya ce ya taka. Ya taka kaɗan, ya ce ya ƙara. Motar ta yi wata ƙara ta manna shi da kujera, hularsa ta faɗa baya, sai ya ji wani yana ihu yana salati yana dariya, ashe shi ne. Da suka dawo sai da Tawfiq ya kama hannunsa ya jawo shi waje, ƙugunsa ya riƙe. Daɗin gaske ne, bai musa ba. Amma a cikin tasin da ta kai shi gida ya yi tagumi, har direban ya tambaye shi ko lafiya.

Makonnin da suka biyo ba su yi masa daɗi ba. Asabar yakan farka da wuri ya rasa abin yi. Ya bi Hajiya Sumayyah kasuwar kifi ta Kado ya riƙe mata leda, ya je ɗaurin auren mutanen da bai sani ba. Tawfiq ya ce ƙofa a buɗe take, ya je sau ɗaya ya ga motar tana ƙyalli, lafiya lau, ya ji kamar baƙon da ya zo duba ɗan da aka ba wasu riƙo. Ushafa kuwa ya kasa zuwa. Gani yake ba shi da dalili.

Wata safiya wayarsa ta yi ƙara. Lambar Godfrey ce, amma muryar Mama Helen ce, da ƙarfi kamar mai kira daga tsallaken rafi.

"Alhaji! Ashe mota kake zumunci da shi, ba ni ba?"

"Haba Mama, wallahi ba haka ba ne."

"An yi mini aiki a ƙafa, ka aiko gaisuwa a waya kamar gwamna. Gift ya tafi makaranta ba ka zo ka sa masa albarka ba. Ka zo yau, ka zo da Hajiya."

Kunya ta rufe shi. Suka saya mata lemo da kifi suka tafi. Suka iske ta tana takawa da sanda a tsakar gida, sabon kwano yana walƙiya a saman ɗaki. Ta yi masa faɗa son ranta a gaban matarsa, Hajiya Sumayyah tana taya ta. Aka kawo doya da miya suka ci, Godfrey yana nuna musu hoton Gift cikin farar riga.

Da suka gama, Mama ta ce ya biyo ta. Ta kai shi wata rumfa a gefen gida ta yaye wani buhu. Tsohon injin niƙa ne, ya yi tsatsa, bel ɗinsa ya tsinke.

"Tun bara ya tsaya. Matan nan har Bwari suke kai masara. Mai gyara ya ce a zubar."

Alhaji Uthman ya dubi injin. Ba kyau, ba tarihi, ko sunan kamfanin da ya ƙera shi ya goge. Ya kama hannun ya gwada juyawa, ya ji ya ɗan motsa kafin ya cije. Ya sake gwadawa yana kasa kunne.

"Baban Zuhra, sabuwar shadda ce a jikinka," in ji Hajiya Sumayyah.

Ya cire agogo ya miƙa mata, ya naɗe hannun riga. "Godfrey, akwai sauran kananzir a gidan nan?"